Yadda ake rufe ƙofar sadarwar sabar imel ta gida na ɗan lokaci ba tare da an yi asarar wasiƙa ba

Duk wanda ya ajiye kwamfuta a gida tana karɓa da aika masa imel, watau saba ko uwar garke kamar yadda wasu ke kiranta, wata rana zai buƙaci ya raba ta da intanet na ɗan lokaci. Yana iya zama sauya rauta zai yi, ko gyaran katangar tsaro, ko kwashe akwatunan wasiƙu zuwa sabon faifai wanda ba ya son sabuwar wasiƙa ta shigo ana tsakiyar kwafa, ko kuma ya gano cewa an sace kalmar sirrin wani ɗan gidan ana tura wasiƙun banza da sunansa. Idan sabar tana gabanka da allo da madannai, zare kebul ya wadatar. Sai dai galibin irin waɗannan injuna suna ajiye ne a wani lungu ba allo, ana sarrafa su ta SSH, watau hanyar shiga inji daga nesa a rubuta masa umarni, daga wata kwamfutar, kuma a nan ne aikin yake buƙatar tsari.

Abin da nake kira ƙofar sadarwa shi ne mahaɗar da Linux ke bi ya yi magana da waje, ko ta kebul ce ko ta Wi-Fi, wadda ke ɗauke da suna irin su eth0, enp3s0 ko wlp2s0. Bayanin da zai biyo baya ya ginu ne a kan Debian da Ubuntu, da Postfix mai isar da wasiƙu, da Dovecot mai bai wa wayoyi damar karanta su. Zan ɗauka cewa adireshin sabar a cikin gida 192.168.1.10 ne, na rauta kuma 192.168.1.1, sunan ƙofar enp3s0. Kowa sai ya sauya su da nasa.

Abin da ke faruwa da wasiƙu idan saba ta ɓace

Mutane da dama suna tsoron cewa wasiƙar da aka aiko a lokacin da ƙofa take rufe ta tafi ke nan. Ba haka tsarin SMTP, watau ƙa'idar da sabobi ke bi wajen miƙa wa juna wasiƙu, yake ba. An gina shi ne tun zamanin da layukan sadarwa ke yawan yankewa, saboda haka sabar mai aikawa takan riƙe wasiƙar a layin jira idan ba ta samu mai karɓa ba, ta riƙa sake gwadawa. Takardar ƙa'ida ta RFC 5321, wadda aka fitar a 2008, ta ba da shawarar a bar aƙalla minti 30 tsakanin gwaji da gwaji, kuma kada a haƙura sai bayan kwana 4 zuwa 5. Shi kansa Postfix, a saitinsa na asali, yana riƙe wasiƙa kwana 5, yana duba layin jira duk bayan daƙiƙa 300, tazarar sake gwadawa kuma tana ƙaruwa har ta kai daƙiƙa 4000.

Ma'anar wannan ita ce rufewar awa ɗaya ko biyu jinkiri kawai take kawowa. Abin da jinkirin ke ɓatawa shi ne wasiƙu masu gajeren rai, irin lambar tabbatarwa ta banki ko mahaɗin sauya kalmar sirri, waɗanda za su iso bayan wa'adinsu ya wuce. Don haka ka sanar da mutanen gida kafin ka fara, kuma ka zaɓi lokacin da ba a jiran irin wannan saƙo.

Haɗarin gaske yana wurare uku ne: ka kulle kanka a waje, ko ƙofa ta buɗe amma hanyar fita ba ta dawo ba, ko wasiƙunka su fita ta wata ƙofar da ba a san ka da ita ba a ƙi karɓarsu. Duk matakan da ke tafe domin waɗannan ukun aka tsara su.

Mataki na farko: ka san ƙofar, ka san mai kula da ita

Fara da ganin ƙofofin da injin yake da su da adireshin kowace:

`ip -br link`
`ip -br addr`
`ip route`

A jerin za ka ga wata mai suna lo, wadda ke ɗauke da 127.0.0.1. Wannan ta cikin gida ce, ta ita Postfix ke magana da manhajar tace wasiƙu da ma'ajiyar bayanai, kuma babu dalilin da zai sa ka taɓa ta. Umarni na uku zai nuna layin da ya fara da kalmar default, misali `default via 192.168.1.1 dev enp3s0`. Wannan ce babbar hanyar fita zuwa intanet. Ka adana adireshi da hanyoyin a fayil, domin da shi za ka kwatanta bayan ka gama:

`ip addr > ~/kafin.txt`
`ip route >> ~/kafin.txt`

Daga nan ka tabbatar ta wace ƙofa kai kanka ka shigo. Kafin ka koma matsayin root, watau mai cikakken iko a kan injin, ka rubuta:

`echo $SSH_CONNECTION`

Zai nuna abubuwa huɗu a jere: adireshinka, tasharka (tasha ita ce port, lambar da haɗi ke bi ta kanta), adireshin sabar da ka shigo ta kansa, da tashar SSH. Idan na ukun shi ne adireshin ƙofar da kake shirin rufewa, to reshen da kake zaune a kai ne za ka sare, kuma mataki na biyu ya zama wajibi a kanka.

Sauran tambayar ita ce wace manhaja ke kula da ƙofar, domin a Linux akwai uku da suka fi yaɗuwa, kuma kowace tana son a bi ta hannunta:

`systemctl is-active networking NetworkManager systemd-networkd`

Debian da aka girka ba tare da tebur mai hoto ba yakan yi amfani da ifupdown, wanda saitinsa ke cikin /etc/network/interfaces. Ubuntu na saba yana amfani da netplan tun fitowar 17.10, shi kuma netplan yana miƙa aikin ga systemd-networkd. Injin da aka girka da tebur, irin tsohuwar laftof da aka mayar saba, yakan kasance a hannun NetworkManager. Yana yiwuwa biyu daga cikinsu su nuna suna aiki, to a nan sai ka duba ko sunan ƙofar yana cikin /etc/network/interfaces, ka kuma duba abin da `nmcli device status` da `networkctl list` suka ce game da ita. Wadda ta kira ƙofar unmanaged ta faɗa maka ke nan cewa ba ruwanta da ita.

Mataki na biyu: ka shirya buɗewa kafin ka rufe

Wannan ne matakin da na fi ba muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Da zarar ƙofa ta rufe, tagar SSH ɗinka za ta daskare, umarnin buɗewa kuma ba shi da ta inda zai isa ga injin. Dole ne injin ya riga ya karɓi umarnin tun kafin ka rufe, ya ajiye shi, ya zartar da kansa idan lokaci ya yi.

Hanya mafi sauƙi a injin da ke da systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan injin tana kula da su, ita ce a kafa agogo na wucin gadi. Ga mai amfani da ifupdown:

`sudo systemd-run --unit=maido-kofa --on-active=20m /sbin/ifup enp3s0`

Wannan yana nufin bayan minti 20 a buɗe enp3s0. Mai NetworkManager sai ya sa `nmcli device connect enp3s0` a ƙarshen layin, mai systemd-networkd kuma `networkctl up enp3s0`. Kada ka wuce gaba sai ka ga agogon da idonka a cikin `systemctl list-timers`, ka kuma karanta sunan ƙofar harafi bayan harafi, domin kuskuren harafi ɗaya a nan daidai yake da rashin agogon baki ɗaya. Idan ka gama aikin da wuri ka buɗe da hannu, sai ka soke shi da `sudo systemctl stop maido-kofa.timer`. Irin wannan agogo ba ya tsira idan an sake kunna injin, amma wannan ba damuwa ba ce, tunda sake kunnawa da kansa yana maido da ƙofar.

Wanda ya saba da umarnin at yana iya amfani da shi, muddin manhajar atd tana girke kuma tana aiki, domin ba kowane injin ne ke zuwa da ita ba:

`echo "/sbin/ifup enp3s0" | sudo at now + 20 minutes`

Idan kuma abin da kake so shi ne a rufe, a jira, a buɗe, ba tare da ka yi komai a kan injin a tsakani ba, kamar lokacin sauya rauta, to ka haɗa su a umarni guda ka miƙa wa systemd:

`sudo systemd-run sh -c 'ifdown enp3s0; sleep 600; ifup enp3s0'`

Dalilin miƙa wa systemd shi ne, umarnin da aka rubuta kai tsaye a tagar SSH yana rataye ne da zaman da ke wannan tagar, kuma yana iya mutuwa tare da ita kafin ya kai ga buɗewa. Duk wani dogon aiki da za a yi a lokacin rufewar, kamar kwafar akwatunan wasiƙu da rsync, shi ma a fara shi a cikin tmux ko screen, manhajojin da ke barin aiki ya ci gaba ko da tagar SSH ta yanke, saboda wannan dalilin.

Akwai kariya ta biyu da nake ba da shawarar a ƙara idan sabar tana wani gari ko wani gidan da ba za ka iya zuwa ba a ranar: `sudo shutdown -r +40`. Ko da agogon farko ya gaza, injin zai sake kunna kansa bayan minti 40, idan kuma komai ya tafi daidai sai ka soke da `sudo shutdown -c`. Abu biyu ne za ka lura da su. Na ɗaya, minti 5 kafin lokacin ya cika, injin yana hana kowa shiga in ban da root, saboda haka ka soke da wuri. Na biyu, idan faifan injin a kulle yake da kalmar sirri da ake bugawa lokacin tashi, to wannan kariya za ta koma tarko, domin injin zai tsaya yana jiran wanda zai buga ta.

Mataki na uku: ka kwantar da Postfix da Dovecot

Duba abin da ke layin jira da waɗanda ke haɗe da sabar a yanzu:

`postqueue -p`
`sudo doveadm who`
`ss -tn state established '( sport = :25 or sport = :587 or sport = :993 )'`

Tashar 25 ita ce wadda sabobin duniya ke kawo maka wasiƙa ta kanta, 587 da 465 na mutanen gida ne masu aikawa, 993 kuma ta karanta wasiƙa ce ta IMAP. Idan ka ga haɗi a tashar 25, ka ɗan jira ya ƙare. Yanke shi ba zai ɓatar da wasiƙa ba, amma idan ya yanke bayan sabarka ta ajiye wasiƙar kuma kafin ta amsa da lambar 250 mai nuna an karɓa, mai aikawa zai sake turowa, wasiƙar ta shigo sau biyu.

Yanzu sai batun ƙofa ta biyu, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Ka ɗauka sabar tana da kebul da ke zuwa rautar gida, tana kuma da Wi-Fi ko modem na layin waya da aka ajiye saboda ko-ta-kwana. Da ka rufe ta kebul, Linux zai koma fita ta ɗayar, Postfix kuma zai ci gaba da aika wasiƙu ta wani adireshin waje dabam. Sabobin da ke karɓa za su duba bayanin SPF na yankinka, watau sunan da ke bayan alamar @ a adireshin imel ɗinka, su tarar wannan adireshi ba ya cikin waɗanda ka amince su aika da sunanka, su duba bayanin PTR, mai nuna sunan da ke rataye da adireshi, su ga bai dace da sunan sabarka ba, kuma adireshin layin waya yakan kasance cikin jerin waɗanda ba a karɓar wasiƙa kai tsaye daga gare su. Sakamakon shi ne a jefa wasiƙar cikin akwatin banza ko a ƙi ta da lamba mai farawa da 5, wadda ke nufin ƙi na dindindin, Postfix kuwa ba ya sake gwada irin wannan. Rashin hanya gaba ɗaya ya fi wa wasiƙa alheri a kan hanyar da ba tata ba.

Maganin shi ne a umarci Postfix ya dakatar da aikawa waje:

`sudo postconf -e defer_transports=smtp`
`sudo postfix reload`

Daga wannan lokaci duk wasiƙar da za ta fita za ta zauna a layin jira, yayin da isarwa tsakanin akwatunan cikin gida ke ci gaba. Ko injin mai ƙofa ɗaya ne, ina ganin ya kyautu a yi hakan, domin yana hana kundin rajista cika da koke-koken rashin hanya.

Sai ka duba inda Postfix ke sauraro:

`postconf inet_interfaces`

Idan amsar all ce, babu matsala. Idan kuwa an rubuta takamaiman adireshi kamar 192.168.1.10, to ka kiyaye: ifdown da nmcli suna cire adireshin daga ƙofar, kuma idan aka sake kunna Postfix alhali adireshin ba ya nan, zai ƙi tashi, ya rubuta a rajista cewa `no local interface found`. Dovecot ma haka yake idan an ƙayyade masa adireshi a layin listen. Ko dai ka guji sake kunna su har ƙofa ta dawo, ko ka tsayar da su tun farko da `sudo systemctl stop postfix dovecot`. Ga mai kwafar akwatunan wasiƙu, tsayar da su ne daidai, tunda rufe ƙofa ba ya hana ayyukan cikin injin, irin rahotannin cron mai gudanar da ayyuka a kan jadawali, jefa sabbin wasiƙu a akwatin da ake kwafa.

Mataki na huɗu: rufewa

Ga ifupdown:

`sudo ifdown enp3s0`

Ga NetworkManager:

`sudo nmcli device disconnect enp3s0`

Ga systemd-networkd, har da Ubuntu mai netplan:

`sudo networkctl down enp3s0`

Na NetworkManager yana cire adireshin ya kuma hana ƙofar sake haɗuwa da kanta har sai an umarce ta ko an sake kunna injin, amma fitilar da ke bakin kebul takan ci gaba da haske, kada wannan ya ruɗe ka. Shi kuma `networkctl down` ya shigo ne a systemd 246, don haka babu shi a Ubuntu 20.04 mai ɗauke da 245, akwai shi a Debian 11 da Ubuntu 22.04 da na bayansu.

Akwai umarni na huɗu da ke aiki a kowane Linux, kuma shi ne aka fi yaɗawa:

`sudo ip link set dev enp3s0 down`

Yana da sauri, kuma shi ne magajin tsohon `ifconfig eth0 down` wanda sababbin injuna da yawa ba sa zuwa da shi. Amma yana aiki ne a bayan idon manhajar da ke kula da ƙofar, kuma ya kamata a san abin da yake bari a baya. Adireshin IPv4 yana nan manne da ƙofar, sai dai duk hanyoyin fita da suka bi ta kanta suna gogewa, har da babbar hanyar fita. Adireshin IPv6 kuwa, a saitin asali, cire su ake yi. Idan ka buɗe da `ip link set dev enp3s0 up`, hanyar cikin gida ta 192.168.1.0/24 za ta dawo da kanta, amma a injin ifupdown mai kafaffen adireshi babbar hanyar fita ba za ta dawo ba. A nan ne mutum zai ga yana shiga sabar daga ɗakinsa lafiya lau, wayarsa tana karanta tsofaffin wasiƙu ta Wi-Fi na gida, ya ɗauka komai ya daidaita, alhali sabar ba ta iya amsa wa kowa a intanet. Irin wannan matsala tana iya kwana biyu ba a lura ba, kwanaki 5 ɗin da masu aikawa ke haƙuri kuma suna ta raguwa.

Ƙari a kan haka, ifupdown yana ajiye nasa lissafin ƙofofin da ya buɗe. Idan ka rufe da ip sannan ka nemi buɗewa da ifup, zai ce maka ƙofar `already configured`, ya ƙi yin komai. Saboda haka umarnin da ka sa a agogon mataki na biyu dole ne ya zama abokin wanda ka rufe da shi: ifdown da ifup, disconnect da connect, down da up. Idan an riga an cuɗa su, gyaran shi ne `sudo ifdown enp3s0` sannan `sudo ifup enp3s0`.

Wanda ke gaban injin da allo, ko ya shigo ta ƙofa ta biyu, ya tabbatar da rufewar da `ip -br addr` da `ip route get 1.1.1.1`. Idan babu wata hanyar fita, amsar za ta kasance `Network is unreachable`. Idan ta nuna sunan wata ƙofar, to injin bai rabu da intanet ba, ya sauya hanya ne kawai.

Duk waɗannan umarni na wucin gadi ne, kuma sake kunna injin yana warware su. A wurin da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa wannan abin lura ne: idan batirin inbata ya ƙare injin ya mutu, to da wuta ta dawo zai tashi da ƙofarsa a buɗe. Wanda yake son ta ci gaba da zama a rufe sai ya sa alamar # a gaban layin `auto enp3s0` ko `allow-hotplug enp3s0` a /etc/network/interfaces, ko ya yi `nmcli connection modify` da sunan haɗin tare da `connection.autoconnect no`. Amma wanda ya yi haka ya sani cewa ya cire wa kansa kariyar sake kunnawa, don haka kada ya yi sai yana kusa da injin.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa saboda damina: rufe ƙofa da umarni ba ya kare injin daga tsawa. Ƙarfin wutar da ke biyo waya ba ya tambayar ko ƙofa a buɗe take. Idan hadari ne ya sa kake son raba sabar da layi, to ka zare kebul ɗin da hannunka, ka zare na wuta.

Mataki na biyar: buɗewa da dubawa

Ka buɗe da abokin umarnin da ka rufe da shi, ko ka jira agogo ya yi aikinsa, sannan ka bi dubawar a jere, daga ciki zuwa waje:

`ip -br addr`
`ip route`
`ping -c 3 192.168.1.1`
`ping -c 3 1.1.1.1`
`host -t mx gmail.com`

Kwatanta biyun farko da abin da ka adana a kafin.txt. Idan layin default ya ɓace, ka maido da shi da `sudo ip route add default via 192.168.1.1 dev enp3s0`. Idan rauta ta amsa, 1.1.1.1 ma ya amsa, amma umarnin ƙarshe ya gaza, to matsalar ta DNS ce, watau tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshi, ka duba /etc/resolv.conf. A Debian, sassan Postfix da dama suna aiki ne a keɓaɓɓen wuri, suna karanta nasu kwafin da ke /var/spool/postfix/etc/resolv.conf, wanda ake sabuntawa lokacin da Postfix ya tashi. Idan an tayar da shi a lokacin da ƙofa take rufe, yana yiwuwa ya kwafi fayil marar komai, sai ka ga injin yana gane sunaye amma wasiƙu suna maƙale da koken `Name service error`. Sake kunna Postfix yana gyara wannan.

Ka kuma tabbatar adireshin cikin gida bai sauya ba. Idan sabar tana karɓar adireshi daga rauta ta DHCP, watau rauta ce ke raba adireshin da kanta, tana iya dawowa da 192.168.1.23 a maimakon 192.168.1.10, rauta kuwa tana ci gaba da tura tashar 25 zuwa tsohon adireshin da babu kowa. Wanda ya sauya rauta dole ne ya sake ware wa sabar adireshinta a sabuwar, ya sake tsara tura tashoshin 25, 587, 465 da 993, ya kuma duba ko adireshin waje ya canza, domin idan ya canza sai an gyara bayanin A, mai haɗa sunan sabar da adireshinta, da bayanin SPF na yankin.

Bayan hanya ta tabbata, sai a saki wasiƙu:

`sudo postconf -X defer_transports`
`sudo systemctl restart postfix dovecot`
`sudo postqueue -f`

Umarnin ƙarshe yana sa Postfix ya gwada duk abin da ke layin jira nan take. Sau ɗaya ya isa, maimaita shi a kai a kai nauyi kawai yake ƙara wa injin. Ka bi abin da ke faruwa da `sudo tail -f /var/log/mail.log`. A Debian 12, inda ba a girka rsyslog tun farko, wannan fayil ba lallai ya kasance ba, sai ka yi amfani da `sudo journalctl -f -t postfix/smtp -t postfix/smtpd`. Abin da kake nema shi ne `status=sent` ga masu fita, da layukan `connect from` ga masu shigowa. Gwajin ƙarshe daga waje ake yin sa: ka kashe Wi-Fi a wayarka, ka yi amfani da datar layinka, ka aiko wa kanka wasiƙa daga wani akwatin dabam kamar Gmail, ka kuma mayar da amsa. Wasiƙun da suka taru a hannun masu aikawa ba za su shigo gaba ɗaya ba, kowace saba da nata jadawalin sake gwadawa, saboda haka ka ba su 'yan awoyi. Kada ka manta da soke agogon maido-kofa da umarnin shutdown idan ka kafa su.

Idan dalilin rufewar wasiƙun banza ne

A wannan hali tsarin matakan yana sauyawa, domin kowane minti sabar na ƙara ɓata sunan adireshinka, kuma fita daga jerin baƙin suna irin na Spamhaus ya fi shiga wuya. Abin farko shi ne tsayar da fitar wasiƙu, wanda ba ya buƙatar rufe ƙofa ma:

`sudo postconf -e defer_transports=smtp`
`sudo postfix reload`
`sudo postsuper -h ALL`

Na ukun yana tsare duk abin da ke layi a yanzu, kuma wasiƙun da aka tsare suna fitowa da alamar ! a `postqueue -p`. Ka nemi `sasl_username` a cikin rajista, sunan da ya fi maimaituwa fiye da ƙima shi ne akwatin da aka sace. Ka sauya kalmar sirrinsa, ka kori haɗinsa da `doveadm kick` da sunan akwatin, ka sake kunna Postfix domin haɗin da ɓarawon ya riga ya buɗe ya yanke. Rufe ƙofar gaba ɗaya yana zama dole ne idan alamu sun nuna an shiga injin kansa, misali wasiƙun suna fita ba tare da sun bi ta Postfix ba, kuma a wannan hali a gaban injin za ka zauna, ba tare da agogon buɗewa ba.

Wajen share layin, ka guji `postsuper -d ALL`, domin yana haɗawa da wasiƙun gaskiya na mutanen gida, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. Ka duba abin da ke cikin wasiƙa da `postcat -q` da lambarta, ka goge na banza da `postsuper -d` da lambar kowace, sannan ka saki sauran da `postsuper -H ALL`. Wasiƙar da ke tsare ba ta ƙarewa da wa'adi muddin tana tsare, amma da an sake ta ake lissafa mata duk kwanakin da ta yi, don haka wadda ta kwana uku ko huɗu a tsare gara a sake ta da `postsuper -r` da lambarta, wanda ke mayar da ita layi a matsayin sabuwa.